Shekarar da Rahoton Duniya Ya Buɗe Rumbun Baba

Kun sha ji a bakin gwaggonku Hajo cewa ni da kakanku Malam Nomau ba mu taɓa shiri ba, wai shi ya tsani boko, ni kuma na raina noma. Ba haka ba ne. Mahaifina da hannunsa ya kai ni makaranta, a lokacin da maƙwabtanmu a Unguwar Lalle suke tura 'ya'yansu daji da awaki idan an ce masu ɗaukar yara boko sun shigo gari. Saɓani ɗaya muka taɓa yi da shi, a shekara ta biyu ta babban fari, kuma a kan rumbun iri ne. Hajo tana ƙarama a lokacin, abin da ta sani kawai shi ne ta ji muryoyi sun tashi a zaure. Tunda ta daɗe tana ba da nata labarin babu mai tare ta, bari ni ma in ba da nawa.

A shekarar ina koyarwa ta wucin gadi a wata firamare a Isa, irin aikin da za a iya sallamar mutum daga shi da baki kawai. Sai ga sanarwa cewa za a yi jarrabawar shiga aikin gwamnati a Sakkwato. Na sa sunana, gidanmu duka ya ɗora ido a kaina, don damina ta riga ta ci amanarmu sau ɗaya, babu kuma wanda ya san abin da ta biyu za ta yi. Lissafi da Turanci ba su dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne takardar al'amuran yau da kullum, wadda aka ce rabinta a kan ƙungiyoyin duniya ne da rahotannin da suke fitarwa. Wace ce mai kula da abinci, wace ce ta lafiya, wace ce ta yara, a wane birni kowace take zaune, me ta faɗa a bana. Wani akawu a Isa yana tara mini tsofaffin jaridun ofishinsu, ni kuma na sayi ƙaramin rediyo a hannun wani bafatake. Da yunwa ta watsa makarantarmu, don yaro ba ya zama a aji da ciki fayau, sai na tattara jariduna da rediyona na koma gida.

Ban gane gidan ba. Inna tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta sauya musu ruwa kafin su ciwu, ita ce abincinmu tare da ɗan abin da yayana Mani yake samowa a fataucinsa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Shanu sun ƙare, jakinmu ya kwanta bai tashi ba. Manyan rumbuna duk an share su har ƙasa. Abu ɗaya ya rage a tsaye da bakinsa a rufe, ƙaramin rumbun da ke bayan ɗakin Baba. Ku da kuka tashi a birni ba ku san shi ba. Idan an yi girbi, maigida yakan zaɓi zangarniyar gero mafi tsawo da cika, ya ɗaure su daban, ya sa a wannan rumbu, ya liƙe bakinsa da laka. Ba a taɓa shi sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Gidan da ya ci irinsa ya ci shekara mai zuwa ke nan. Namu rumbun yana da nauyi fiye da na kowa, don shekarar ƙarshe da aka yi albarka Baba ya ware iri mai yawa. Kowace safiya nakan leƙa in ga lakar tana nan, sannan in iya buɗe jarida.

Bayan la'asar nake kunna rediyo, na ɗan lokaci kawai saboda batir. Baba yakan jawo buzunsa ya zauna nesa kaɗan, kamar ba sauraro yake yi ba. Mani kuwa ba ya barin ni in sha iska. Idan ya ji ina haddace sunayen birane sai ya ce in tambayi mutanen can ko suna sayen fatar mushe, yana da ita da yawa. Wata rana aka karanto cewa manyan ƙungiyoyin nan sun zauna, sun fitar da rahoto a kan yunwar ƙasashen bakin hamada, sun kuma yi kira ga ƙasashe masu hali su kawo agaji. Ni abin da ya zo mini a rai shi ne wannan tambaya ce, za ta fito. Ina ta sauri in riƙe sunayen ƙasashen da aka jera, sai na ji muryar Baba a bayana.

"Ummaru, mi sunka ce?"

"Sun ce ƙasashen bakin hamada na cikin yunwa, Baba."

"Gaban jama'a sunka hwaɗi?"

"Gaban duniya duka."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Magana ta ƙare."

Nan take na san abin da ya fahimta. A wurinmu babban mutum ba ya ambaton yunwar wani a fili sai ya riga ya auna abin da zai kai masa. Idan mai hali ya ce a majalisa gidan wane yau ba a ga hayaƙi ba, to kafin rana ta faɗi ƙwaryar hatsi ta shiga gidan. Wanda ya faɗa bai kai ba ya tona asirin mutum a banza, kuma ba a ƙara ganin girmansa. Haka Baba ya tashi ya gani, haka shi ma yake yi. A tunaninsa, manyan duniya ba za su taru su faɗi yunwarmu da bakinsu sannan kowa ya koma gida ya ci tuwonsa ba. Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa masu rubuta rahoto daban, masu ba da hatsi daban, masu motar ɗauka daban, kuma tsakanin kowane da na gaba ana iya yin watanni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai ko a fada mai shela daban ne da mai rabo. Sai na fito da abin da ya fi tsorata ni.

"Baba, ƙasashen da sunka lissahwa, tamu ba ta ciki. Nijar na ciki, mu ba mu ciki."

"Maraɗi na ciki?"

"Tana ciki."

"Tsibiri hwa?"

"Ita ma."

"To mu ɗiyan wa na? Kakanka can anka haihe shi. Hadarin da yat tsallake su shi yat tsallake mu. Wa za shi ba Bagobirin can shi hana na nan?"

"Su ba Gobir suka dubi ba, Baba, ƙasa suka dubi. Suna ganin tamu mai arziki ta, ita za ta ciyar da nata."

"Kai dai ka cika tsoro," in ji shi. Ya naɗe buzunsa ya tafi masallaci.

Gaskiya ya faɗa, ina cike da tsoro. Daga ranar karatu ya daina shiga kaina yadda ya kamata. Ina riƙe da jarida, idona yana kan rumbu. Sai Mani ya dawo daga Maraɗi ya ƙara wa wutar itace ba da niyya ba. Ya ce da idonsa ya ga manyan motoci cike da buhuna masu rubutun Nasara, ana saukewa ana jerawa a wani fili. Na yi ta yi masa ido ya yi shiru, shi kuwa yana ta ƙara gishiri, har da nuna tsawon tarin buhunan da hannu. Baba ya dube ni, irin duban da ake yi wa yaron da ya yi gardama ya sha kaye. Daga Maraɗi zuwa ƙofar gidanmu tafiya ce da tsofaffinmu suke yi a ƙafa don zuwa suna. Ta yaya zan shawo kan mutumin da ya yi wannan tafiyar tun yana saurayi, in ce masa akwai wani layi a hanya wanda buhu ba ya tsallakawa?

Abin da ya ƙarasa zancen shi ne Baba Jaɗi, maƙwabcinmu kuma abokin wasan Baba tun suna kiwon awaki. Ya daina fitowa majalisa. Baba ya shiga duba shi, ya tarar da gidan duka a kwance. Sun ci anza tun ba ta gama jiƙa ba, don ba su iya jira, ta kuwa murɗe musu ciki, manya da yara. Irinsu sun cinye shi tuntuni, kamar yawancin unguwar. Baba ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya kira ni da Mani zaure, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai fasa rumbun iri ya raba. A nan ne Hajo ta ji muryoyi. Ni ne na ɗaga tawa, ban kuwa taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba.

"In ka hwasa shi, mi za mu shukawa?"

"Waɗanda ka kawo abinci ba su mance iri."

"Ba su tahe, Baba. Wallahi ba su tahe nan."

"Kai ka ga gaibu? Ina da hatsi bayan ɗaki, Jaɗi na mutuwa bayan danga, abinci kuma na Maraɗi. In sun iso sun iske na bisne mutanen unguwa da rumbuna a liƙe, mi za ni ce ma Allah?"

"Mutane ba su amsa. Kowa ya san ba a cin irin wani."

"Ba su sani. Za ni ce musu na ware nawa."

Na ce idan ya faɗi haka ni zan tsaya in gaya musu gaskiya. Ya tashi ya bar mu. Mani ya bi ni da harara, ya ce boko ya sa na fara yi wa uba tsawa. Washegari da safe Inna ta kira ni inda take tsiyaye ruwan anza. Ba ta ɗago kai ba. Ita ba ta yarda da zancen motocin ba, na gane haka daga yadda take magana, amma abin da ta kira ni a kai daban ne.

"Ummaru, in ka ƙaryata ubanka gaban mutane, ka kashe shi tun yunwa ba ta kashe shi ba."

"Inna, to mu zauna muna kallo?"

"Ni shekara nawa ina kallo? Kai dai tahi ka ci jarrabawakka. In rumbu ya tahi, kai ad da mu."

Wannan magana ta fi duwatsu nauyi a ƙirjina. Da ma ina tsoron faɗuwa don kaina, yanzu kuma an ɗora mini cikin gida duka. Ranar Juma'a Baba ya fasa lakar da kansa. Aka sauko da dammunan, mata suka sussuka, ƙamshin gero ya cika gida, ƙamshin da muka yi watanni ba mu ji ba, har na ji kunyar yadda yawuna ya tsinke. Magidanta suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ja da baya, sai Baba ya ɗaga murya ya ce wannan rara ce, na shuka yana ɗaki a ware, kuma abinci yana hanya, duniya duka ta sani. Baba Jaɗi, wanda aka riƙo ta hannu, ya juyo gare ni.

"Malam Ummaru, kai ka jin rediyo. Gaskiya na abinci na tahe?"

Baba yana gefe da ƙwarya a hannu. Inna tana bakin ƙofa.

"Rediyo ta ce an yi kira, Baba Jaɗi," na ce.

Wannan ita ce amsar ma'aikacin gwamnati ta farko da na bayar a rayuwata, tun ban sami aikin ba. Ya karɓi rabonsa yana sa albarka. Mu ma aka bar mana ɗan abin da za mu taɓa, daidai da na kowa, don Baba ya ce ba zai raba wa mutane ya fifita cikinsa ba. Kafin magariba rumbun ya zama wayam, kaji ma da muna da su da ba su sami abin tsintsa ba.

Na tafi Sakkwato a bayan motar kasuwa daga Isa. Duk hanya gawar dabbobi ce da mutane masu kaya a ka suna nufar kudu, ina kallonsu ina maimaita sunayen birane a zuci kamar mai wuridi. Idan wata babbar mota ta taho daga gaba sai in miƙe in duba ko buhuna ne, don ni ma da na yi rantsuwa ba za su zo ba, babu abin da nake roƙo irin a ƙaryata ni. A ɗakin jarrabawa tun ban fara rubutu ba na ɗiga tawada a gefen takarda. Tambayar kuwa ta fito, kusan yadda na zata. A faɗi ƙungiyoyin da suka fitar da rahoto a kan yunwar bakin hamada, a kuma jera ƙasashen da ya shafa. Na jera su tsaf. Da na kai ƙarshe alƙalamina ya tsaya, raina yana ce mini in ƙara tamu, ai na baro ta tana cin anza. Amma na san mai duba takarda ba Unguwar Lalle zai duba ba, abin da ke cikin rahoto zai duba. Na bar ta a waje na wuce tambaya ta gaba. Da wannan amsar na ci, ko da yake sakamakon bai fito ba sai bayan kaka, kuma da albashin aikin aka yi tuwo a gidanmu shekarar da ta biyo.

Da na dawo gida babu motar abinci, babu labarinta. Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda mutum ba ya iya taka ƙasa da rana, gabas ta fara haɗa gajimare tana watsewa. Kowa yana roƙon ruwa, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ina tsoron saukarsa. Baba ya rage magana. Yakan zauna a ƙofar gida yana fuskantar hanyar Sabon Birni, idan ya hango ƙura sai ya gyara zama. Bai ƙara zuwa kusa da rediyo ba, ni ma na daina kunna shi a gabansa. Daga ƙarshe ya ce wa Mani ya raka shi ƙetare, zai je gaida dangi. Duk mun san abin da zai je yi, babu wanda ya furta.

Mani ne ya ba ni labarin abin da ya faru, don Baba bai taɓa faɗa ba har ya bar duniya. Sun sami wurin rabo, Baba ya shiga layi tare da 'ya'yan ƙanen ubansa, masu zane iri ɗaya da nasa a fuska. Da aka zo kansa, mai rabon ya nemi katin gida. Baba ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya faɗi unguwar da aka haifi uban nasa. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce ya yarda, amma buhunan an ƙidaya su ne a kan mutanen ƙasarsu, idan ya ba shi ya hana wani. Baba ya yi godiya ya fita daga layin. Wani ɗan'uwansa ne ya ɗebo masa ɗan iri daga nasa, abin da bai cika hula ba, ya ƙulle masa a bakin rawani. Da suka iso gida Inna ta ce wa Baba wasu daga cikin maƙwabta ba su cinye rabonsu duka ba, sun ɓoye ɗan na shuka, Baba Jaɗi ma haka. Ta ce ko kowa ya mayar da tafi ɗaya ya isa.

"In na tambaya, sun san abin da sunka ci," in ji shi. "Kar in ji."

Ruwan ya sauka wata ranar Talata da hantsi, mai ƙarfi, har ya cika kwaruruka. Gari ya ɗauki guɗa. Washegari kowa ya fita da sungumi, dogon abin saran nan da ake huda ramin shuka da shi. Yadda ake yi, maigida yana gaba yana sara, na bayansa yana jefa iri a rami yana rufewa da ƙafa. Na zaci Baba zai shuka ɗan abin da ya samo a bayan gida ya dawo ya zauna. Sai na ga ya saɓa sungumi, ya miƙo mini ƙwarya, ya nufi babbar gona, wadda hanyar kowa ta bi ta gefenta. Muka fara daga bakin hanya. Ina jefa ƙwaya bibbiyu maimakon abin da aka saba, don ya kai mu nesa, amma ba mu yi layi nawa ba hannuna ya taɓa gindin ƙwarya.

"Baba, ya ƙare."

Bai tsaya ba. Ya sari ƙasa ya yi gaba, ya sake sara. Na tsaya da ƙwaryar a hannu, ban gane ba, sai da na ɗaga kai na ga mutane a gonakinsu hagu da dama, waɗanda ya ce wa na shuka yana ɗaki a ware. Idan muka juya gida yanzu, da gona ko kashi ɗaya ba a gama ba, kowa zai yi lissafi a ransa. Sai na sa hannu a ƙwarya, na fito da shi a dunƙule babu ko ƙwaya a ciki, na buɗe shi a kan ramin, na rufe da ƙafa. Idona ya cika, ƙasar tana rawa a gabana. Daga can hanya Baba Jaɗi, da ƙafarsa yake tafiya yanzu, ya ɗaga sandarsa.

"Nomau, Allah shi sa albarka."

"Amin, Jaɗi. Allah shi ba mu damana."

Ya ci gaba da sara, bayansa ya jiƙe da gumi. Ba tare da ya waiwayo ba ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ruhe da kyau, Ummaru. Suna kallo."

Na rufe da kyau. Haka muka yi har ƙarshen gona.